Tafkin Mushe da Tukwanen Biki

Shekarar da maigidana ya ajiye aikin koyarwa, gidanmu na Mayahi ya yi wani shiru da ban so ba. Mutumin da in yana faɗa a lakwal, wato makarantar boko, ake jiyo shi daga bakin hanya, sai ga shi ya koma zaman tabarma a gindin itacen bedi, ba um ba um-um. Har lokacin kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, ni ma haka, amma babu sauran wanda zai daka wa tsawa. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga yadda zama yake cinye maza irinsa.

Shi ya sa ranar da ya miƙe ya ce zai haƙa tafki a garkarmu ta bayan ɗaki, ban ce masa hauka ba ne, ko da yake hauka ne. Ƙasarmu rairayi ce zalla, ka zuba mata bokiti guda kafin ka ɗago kai ta shanye tana jiran ƙari. Ya ce ya sani, ba ni zan koya masa labarin ƙasa ba. Ya haƙa rami mai faɗin tabarma biyu, zurfi iya gwiwa, ya shimfiɗa baƙar leda mai kauri. Saura duwatsu, manya a jera su kewaye su danne bakin ledar su tare rairayi, ƙanana a shimfiɗa a ƙasa.

Duwatsun su ne aiki. A wajenmu ba a tuntuɓe da dutse a hanya. Duk wanda ka gani a unguwa da mai shi, ko na tokare ƙofa ne, ko na goge kaushi, ko na taimama a ɗakin wata tsohuwa. Sai da ya ɗauki amalanken shanu ya tafi can inda masu aikin hanya suka fasa marmara. Ya dawo zaune a saman kaya, ja wur kamar an tono shi, yana ba shanu umarni da Faransanci.

Ya yi kwanaki yana jeri. Ya ɗauki dutse ya jujjuya, ya nemo fuskarsa, ya zaunar da shi, ya ja baya ya harare shi, ya ce wannan ba shi da ladabi, ya canza masa wuri. Da ya gama aka yi ta jigilar ruwa a jarkoki ana zubawa, ruwa kuwa ya tsaya. Ya samo ƴan tarwada ya saka. Wallahi abin ya yi kyau, har ni sai da na ji kaina ya kumbura.

Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Ni mace ce, na san inda idonsu yake, kuma ba a kan kifi ba. Macen garinmu in ta ga manyan duwatsu a jere, uku-uku take ganinsu.

Ana haka bikin ƴar yayarsa ya taso. Yayar nan ita ta goye shi, kuma ba ta taɓa barin ya manta ba. Ta shigo da safe ta tsaya a bakin tafki.

“Auta, dutsi ukku nike so. Babbar tukunya ba ta zama bisa murhun ƙarhe.”

“Yaya, waɗanga ba na murhu ba ne. Su ke riƙe da ledar.”

“Yo ni da na riƙe ka ga bayana kana tsula mani hitsari, wa ya riƙe ni?”

Ya sunkuyar da kai ya zaɓi uku da hannunsa, daga gefen da ya ce ba komai. Ya sa babbar riga ya tafi wajen ɗaurin aure.

Fitarsa ke da wuya wata ta shigo, Yaya ta ce a ƙaro uku na tukunyar miya. Bayanta ta shinkafa. Sai ta ruwan figar kaji. Sai wata da ban ma san ta ba, ta ce na masu suyar nama ne. Wanda bai san garinmu ba zai ce me ya hana ni hanawa. Ka hana mace dutsen girki ranar biki, ka gama da sunanka a unguwa, kuma gobe taka ƴar ce. Abin da na iya shi ne bin su ina cewa a ɗauka a hankali, suna cewa to, suna fizga.

Ina tsaye, gefe guda na tafkin ya zabtare. Leda ta naɗe, ruwan ya tafi da wani zuuu kamar tsoho na kurɓar kunu. Na shiga taɓo da kayan bikina ina kamun tarwada ina jefawa a baho, ɗaya na kama biyu na kubcewa.

Da ya dawo ya tsaya ya duba ramin. Na shirya shan faɗa, har ina roƙon Allah ya yi faɗan. Sai kawai ya tuɓe rigarsa, ya jawo tabarma gindin bedi ya zauna. Washegari ma haka.

Raina ya ɓaci, na yafa mayafi na faɗa gidan Yaya, na tarar da su ana rabon sauran tuwon biki. Na faɗi abin da ke bakina. Ta ce, “Ke yanzu kan dutsi kike wagga kumhwar baki?” Na ce, “Ba dutsi ba ne, Yaya, ƙanenki ne. Taho ki gan shi.” Kuka ya ƙwace mini a gaban mutane.

Ta dube ni, ta gyara ɗaurin zane, ta ce kowace ta ɗauki abin da ta ɗauko. Haka muka bi layi, mata a jere kowace da dutse a ka, baƙi ƙirin da hayaƙi, wani ya tsage, wata ma guntun bulo ta ɗauko ta rantse namu ne. Suka shiga garka suka fara jibgewa yadda suka ga dama. Mushe yana kallo daga tabarma. Wata ta kifa wani babba a kan bakinsa, a tsakiyar rami. Na ji ya yi gyaran murya. Wata ta ɗora na miya, da maiƙonsa, a kan ledar.

“Ke! Wa ya ce ki aje shi nan? Haka kunka ganshi? Ku hito! Kowa ta ɗauki nata ta wanke, ku yi layi, manya baya!”

Kafin ka ce me yana tsakiyar rami ba takalmi, yana nuni da kara. Har Yaya ya sa wanki, tana durzar dutse tana cewa Allah ya isa goyon da ta yi. Maƙwabta suka leƙo ta katanga su ga ko lafiya.

Ni dai na laɓe bayan ɗaki ina dariya ina share ido da bakin mayafi. Ban taɓa jin daɗin a ci mutuncin baƙina a cikin gidana ba sai ranar.