Zanen Fuskar Yaya Garba

Yau shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa a nan Maryland, nesa da Yawuri inda aka binne cibiyarmu. Allah ya jiƙansa. Shi ne babba a ɗakinmu, shi ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan, kuma mu biyun muna ɗauke da zanen gidanmu a kumatu, irin wanda wanzami ke yi wa jariri.

Tasi yake ja, amma jininsa na masunta ne. In dai ruwa bai daskare ba, ranar Lahadi sai ya biyo mini gidana a Hyattsville mu tafi tafki da fatsa. Akwai kifin da mutanen nan ke kira kirafi, mai faɗi kamar karfasa, jikinsa dabbare-dabbare. Wata rana Yaya ya ciro ɗaya mai baƙin layi, ya taso tun daga leɓe, ya ratsa tsakanin idanu, ya hau gadon baya. Wani Bature da ke gefenmu ya ce cuta ce, kada a ci. Yaya ya daɗe yana juya kifin a tafin hannu, sannan ya ce mini, "Sani, cuta ba ta miƙewa haka. Wannan zanen gidansu ne." Ya mayar da shi ruwa, mutumin da ko ɗan mitsitsin kifi ba ya saki.

Na san abin da ya taɓa shi. Shekara da shekaru fasinjoji na leƙa fuskarsa ta madubi suna tambaya ko hatsari ya yi. Ba ya fushi, sai ya faɗa musu sunan garinmu. Wanda ya ƙona masa rai nasa ne: ɗansa Nasiru, yana sakandare, ya roƙe shi ya daina tsayawa ɗaukarsa a ƙofar makaranta.

Ashe Yaya ne da gaskiya a kan kifin, kuma abin haushi, daga bakin Nasirun na ji. Yanzu injiniya ne a Sterling, har kwalekwale gare shi. Bara ya nuna mini hoton irin kifin a wayarsa, yana ta zuba bayani. Wai layin nan gadonsa suke yi, a wani kogi can kudu aka fara ganinsa, sai masu kiwon kifi suka hayayyafa irin suka zuba a tafkuna, don in an kama su gane nasu. Har cewa ya yi, "Baffa, ka ga ikon Allah, kifi da shaidar asalinsa a fuska."

Na ɗaga kai na dubi bangon falonsa, inda ya rataye babban hoton ubansa. Kumatun sumul, kamar na jariri kafin zuwan wanzami. Na tambaya, ya ce mai wanke hoton ne ya ɗan gyara, kuma ai ya fi kyau haka. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Da Yaya zai leƙo falon nan, me zai ce? Na san shi, zai nemi takalminsa ne kawai ya fita.

Ni ban ce a koma tsaga yara ba. Nawa ma ban tsaga musu ba, zamanin ya wuce. Amma fuskar da mutum ya yi sallah da ita, ya ci da iyalinsa da ita, aka yi masa wanka da ita, wa ya isa ya gyara ta bayan ransa? Har gobe abin na ci mini rai.

An ce mutum na barin suna da zuriya. Yaya ya bar duka biyun, ga kuma ɗalibai da baƙi da yawa da suka fara kwana a ƙasar nan a falonsa, suna yi masa addu'a. Amma da Sallar da ta wuce, muna zaune a falon nan mai hoton, 'yar Nasiru, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, ta hau cinyata ta shafa kumatuna, ta tambaye ni da Turanci wa ya yanke ni. Na ce zanen gidanmu ne, kakanki ma irinsa gare shi.

Ta juya ta dubi bango, ta dawo ta dube ni. Ta ce, "A'a, shi ba shi da komai."

Nasiru na zaune, bai ɗago daga wayarsa ba. Abin da ya rage na fuskar Yaya a duniya yana kan kumatuna, ni kuwa na ba saba'in baya.