Zanen Kango a Falon Tsohuwa

Shekarata ta biyu a birnin Greensboro na Amurka na sami aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a unguwar Sedgefield. Mijinta ya rasu, mantuwa ta fara kama ta, ko banɗaki sai na riƙe ta. A falonta akwai wani zanen fenti mai ruwa-ruwa, launinsa duk ya koɗe. Ginshiƙan dutse ne a kakkarye, ciyawa ta fito musu, wata mata tana wanki a bakin kududdufi, wani mutum mai sanda yana tsaye ya ba da baya.

Kullum bayan karin kumallo sai ta sa na zaunar da ita gaban zanen. Takan ce a can ta girma, ta san matar nan, ta san sanyin ruwan. Ban taɓa musa mata ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda take yin shiru tana gyaɗa kai, kamar mai sauraron amsa.

Ran nan abokiyar aikina, 'yar Maraɗi, ta zo karɓata, muka sauke zanen za mu goge. A bayansa akwai rubutun Faransanci. Abokiyar aikin tawa ta karanta, ta ce mai zanen ya rubuta cewa wurin babu shi a duniya, shi ya ƙago abinsa.

Wata Laraba da hantsi na shiga kicin ɗora shayi. Ko minti biyar ban yi ba, na dawo na tarar da kujerar tsohuwar wayam, ƙofa a rufe. Na duba ko'ina, na kira 'yarta, ita kuma ta kira 'yan sanda.

Sai la'asar aka sami tsohuwar a Pleasant Garden, wani ƙaramin gari can nesa da gidan, zaune a kangon wani tsohon gidan gona. Bakin rigarta ya jiƙe sharkaf, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba, kuma babu rafi a wurin.

A asibiti na sunkuya na ce, "Mama, wa ya kai ki can?"

"Mai sandan nan," in ji ta. "Ya juyo. Har ya tambayi sunanki, amma ban faɗa masa ba."

'Yan sanda suka ce wataƙila wani ne ya rage mata hanya. Ba wanda ya fito ya ce shi ne. 'Yarta ta mayar da ita gidan kula da tsofaffi, ni kuma na roƙa aka canja min aiki zuwa East Greensboro. Kafin azumi ya zagayo na ji labarin rasuwar tsohuwar.