Lomar Farko a Gaban Surukata

Shekarun baya, tun ina saro albasa daga gida ina kaiwa kasuwar Mile 3 a Fatakwal, akwai wata safiyar Asabar da na kusa rasa matata a kan faranti ɗaya na abinci. A lokacin ba ta zama matata ba tukuna, nema nake yi, kuma neman ya zo daidai inda ko dai ya ɗore ko ya watse.

Ni a arewa aka haife ni, can na girma, sai da na fara gemu na gangaro kudu. Ita kuwa haifaffiyar Enugu ce. Mahaifinta Bahaushe ne, mahauci, ya rasu tana makarantar sakandare. Mahaifiyarta Ibo ce, ta musulunta tun kafin aurensu, kuma ita kaɗai ta riƙe gidan bayan rasuwarsa. Da na aika magabatana wajen baffan yarinyar a arewa, bai ja zance ba. Cewa ya yi, "Ya je wajen uwarta. Ita ta sha wahalar yarinyar nan, ba mu ba. In ta ce e, mu ma e ce. In ta ce a'a, kada ma ya dawo mana."

To, sai ga yarinyar ta bugo mini waya. "Mama ta ce ka zo ranar Asabar da safe, ka karya a shagonmu." Na ce to da sauri, ban tsaya na tambaye ta yadda za a yi karyawar ba. A zatona kamar gida ne: a gaisa, a ja ka wani ɗaki, a ajiye maka kwano, a ja ƙofa.

Na ɗauki abokina, wani mai tsire haifaffen Fatakwal wanda Turancin buroka ya fi Hausa zama a bakinsa. Mutum ne da bai san kunya a kan abinci ba, ko a gidan makoki ne sai ya nemi ƙari. Muna idar da asuba muka shiga mota. Ban sa komai a cikina ba, don tun jiya cikin ya ƙi karɓa. A hanya na gyara hulata ya fi a ƙirga, na ciro wayata na mayar, na sake cirowa. Kowane shingen hanya aka tsayar da mu sai in ji kamar in sauka in tura motar da hannu. Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, ka bar kaɗa ƙafar nan, kujerar gaba ɗaya rawa take yi. Aure za ka nema ko kotu za ka?"

Shagon nasu a unguwar Uwani yake cikin Enugu, gaban gidansu, wani ɗan ɗaki da aka fasa wa ƙofa ta titi. Tebura 'yan kaɗan, kowanne da ledarsa mai furanni, fanka tana ta ƙara a sama, hoton marigayi a jikin bango da hularsa a karkace. Murhun yana can ƙurya, manne da bango, duk mai suya sai ya ba masu cin abinci baya. Abin da suke sayarwa wani irin fanke ne falan-falan, su suna ce masa kirep, ni kuwa har yau sinasir ɗin Turawa nake ce masa. Uwar ta koyo shi ne tana budurwa, lokacin da ta yi aikin girki a gidan wasu Faransawa a Fatakwal. Fulawa ce da ƙwai da madara, a zuba ƙullun a kasko, a juya hannu sau ɗaya ya baje, sannan a naɗe shi da ayaba da zuma, ko da niƙaƙƙen nama da albasa da attaruhu. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin ya dake ni, yunwar da ta gudu tun jiya ta dawo da ƙarfinta.

Muka cire takalma a bakin ƙofa, har wasu masu cin abinci suka ɗago suna kallonmu. Na durƙusa.

"Mama, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ya hanya? Ya mutanen Fatakwal? Tashi, tashi, ka zauna a kujera, ƙasan nan akwai maiƙo."

Hausarta tsaf take, sai dai harshen yana ɗan karyewa. Mace ce gajera mai kauri, idonta ba ya gudun idon kowa. Na zauna a bakin kujera, rabin jikina a iska. Ina jira in ji an ce mu shiga ciki, sai na ga ta kwance zanin girkin da ta ɗaura, ta miƙa wa 'yarta cokalin ƙullu, ta jawo kujera ta zauna daidai gabana. Teburin kuwa ƙarami ne, in na miƙa hannu sai in taɓa kofinta.

Yarinyar ta kawo faranti biyu da shayi, kanta a sunkuye, ta ajiye ta koma murhu. Nawa mai nama ne, har da albasa an yanka masa a gefe. Jama'a, kun san yadda muke. Mahaifina ya yi shekara da shekaru da kakata ta wajen uwa, bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba har ta koma ga Allah. A haka na tashi, a haka na san girmamawa. Ga shi yau an ajiye mini abinci, surukar tana zaune tana kallon bakina.

Abokina bai ma lura ba. Ya yi bisimilla, ya naɗe nasa da hannu, ya kai baki. "Kai, Mama! This one sweet die! Wallahi ko a otal ban taɓa cin irin wannan ba."

Ta yi dariya, sannan ta juyo gare ni. "Ɗana, bisimilla. Ba ya daɗi in ya huce."

"To Mama, na gode. Alhamdulillahi."

Ban taɓa ba. Na juya kofin shayin, na mayar da shi yadda yake. Na gyara cokali. Na kalli fanka, na kalli hoton bango, na kalli titi inda wani ɗan acaɓa yake faɗa da fasinja. Ta tambaye ni kasuwa, na amsa. Ta tambaye ni iyayena, na amsa. Ta tambaye ni inda zan ajiye 'yarta, na ce Fatakwal tukuna, amma wata rana dole a koma gida. Ta juya ta dubi 'yarta a murhu. Duk amsar da na bayar sai idonta ya sauka kan farantin, ya dawo kaina. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga. Sai kuma cikina ya ci amanata, ya yi wata ƙara da na tabbata har teburin baya an ji.

"Ko ba ka cin nama da safe? A yi maka mai zuma?"

"A'a Mama, wannan ma ya yi. Ya yi sosai."

Can wata mata ta shigo da 'ya'yanta, Mama ta tashi tarbarsu, suna ta gaisawa da Ibo. Ni kuwa na ga dama ta samu. Na tura wa abokina farantina, na jawo nasa da ya share tas na ajiye a gabana. "Yi sauri," na ce masa ƙasa-ƙasa, "cinye, don Allah." Bai yi musu ba, dama bai taɓa musu a kan irin wannan ba. Ya kai loma ta biyu kenan na ɗaga kai, sai muka haɗa ido da Mama. Ashe matar da ta shigo ta zauna tuni, ita kuwa Mama tana tsaye a bayan abokina, ta ga komai.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta zagayo ta zauna.

"My food get poison?"

"Subhanallahi! A'a Mama, wallahi..."

Abokina ya haɗiye da ƙyar ya shiga tsakani. "Mama, no vex. Kunya ce. A wajensu mutum ba ya ci a gaban surukai, girmamawa ce, ba raini ba."

"Kai za ka koya mini?" Ta nuna hoton bango da haɓa. "Na zauna da wancan mutumin har Allah ya raba mu. Na san kunyarku, na san ta sarai."

Sai ta juyo gare ni, muryarta ta sauka. "Ranar da ya je ƙauyenmu neman aurena, babana ya sa aka ajiye masa akpu, tuwon rogonmu, da miyar shuwaka a tsakar gida, dangi duk sun kewaye shi. A wajenmu wanda ya ƙi cin abincinka bai yarda da kai ba. Shi ma yana da wannan kunyar, ta fi taka ma. Amma ya wanke hannu ya ci, hawaye na zuba saboda yaji. Daga baya na tambaye shi, ya ce mini, ‘'Yarsu zan ɗauka, ba zan bar su da zargin ina ƙyamarsu ba.’"

A murhu wani abu ya fara ƙauri, don yarinyar ta manta da kasko tana sauraro.

"Ita kaɗai ce mace a wajena," in ji Mama. "Ka ce wata rana za ka kai ta arewa. To in na zo gidanku, a wani ɗaki za a ajiye ni, a turo mini kwano ta ƙofa? Kullum in na shigo ka tashi ka fita? Ni ba na son surukin da zai girmama ni daga nesa. Ɗa nake so."

Ta tashi da kanta, ta karɓi cokalin daga hannun 'yarta, ta kankare wanda ya ƙone, ta zuba sabon ƙullu. Ta naɗe shi, ta kawo, ta ajiye a gabana. Ba ta zauna ba, ta tsaya ta harɗe hannu.

Wallahi ban taɓa jin nauyin hannuna irin na ranar ba. Ji nake kamar mahaifina yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona. Na dubi ƙofar, na ga takalmana, har zuciyata ta ce mini in ba da haƙuri in tafi. Sai na hango yarinyar a ƙurya, ta danne bakinta da gefen mayafi, idonta ya cika. Na yi bisimilla a fili. Na ajiye cokali, na gutsura da yatsu, na kai baki. Ban ji ɗanɗanon komai ba. Na tauna, na tauna, lomar ta ƙi wucewa, sai da na runtse ido na haɗiye ta.

Da na buɗe ido, Mama ta riga ta juya. Ta koma murhu, ta ba ni baya, tana zuba ƙullu a kasko kamar ba abin da ya faru. Daga can, ba tare da ta waiwayo ba, ta ce, "Na gani, ya ishe ni. Sauran ka ci da kunyarka, ba mai kallonka." Kuma ba ta sake juyowa ba har na gama.

A loma ta biyu ne na ji daɗin abin. Na cinye, aka ƙaro, na cinye, har abokina ya fara ƙorafin cewa an manta da shi. Da za mu tafi na sake durƙusawa, ta ce, "Ka gaya wa baffanta su sa rana."

Da na je gida na ba mahaifiyata labari, sai da ta yi salati ta riƙe haɓa. "A gabanta? Tana kallo? Kai kuwa ina ka kai idonka?" Can ta ce, "To, Allah ya sa albarka. Amma kada babanka ya ji."

Na daɗe ina juya abin a raina. A da ina ganin girmamawa hanya ɗaya gare ta, wadda aka koya mini. A shagon nan na gane ana iya girmama mutum ta yadda zai ji kamar an ture shi. Ita ma kuma ba ta nemi ta karya ni ba, loma ɗaya ta karɓa ta bar mini sauran.

Tun daga ranar haka muke. Duk zuwan da muka yi Uwani, za ta ajiye mini faranti, ta tsaya sai ta ga lomar farko ta wuce, sannan ta ba ni baya. Kuma kada ku ɗauka na saba, har yau lomar nan sai ta tsaya mini a wuya.

Yanzu ta tsufa, ciwon suga ya tafi da idonta, matar yayan matata ce ke riƙe da kaskon. Da ƙaramar sallar da ta wuce muka je da yara. Tana zaune a kujerarta kusa da murhu, aka kawo mini nawa mai nama da albasa a gefe. Ta laluba ta kamo hannun babbar 'yata.

"Babanki ya kai baki?"

"Ya kai, Kaka."

"Ya haɗiye?"

"Ya haɗiye."

Sai ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta juya kujerar, ta zauna tana fuskantar bango.