Ba a Ƙirga Shanun Mutane

Shekarar da aka ba ni aikin horar da malaman da za su koyar da 'ya'yan makiyaya, a wani aji a Daura muke zama. Kullum sai na ce musu, "Ku koyar da yaro da abin da ya sani, kuma ku yi tambaya kafin ku taɓa abin mutane." Maganar farko ce kawai ta shiga kunnen wata ɗalibata, 'yar cikin gari, mai zafin nama. Ina sonta, wallahi, sai dai akwai rawar kai.

Aka tura ta gwajin koyarwa wata ruga bayan Sandamu. Yara suka cika mata inuwar tsamiya, cikinsu har da wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa wadda da ƙyar ubanta ya bari ta zo. Ranar darasin lissafi sai malama ta ce kowa ya faɗi shanun babansa nawa ne. Tabɗi! Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa a bainar jama'a. Ga tsoron baki, ga ɓarayin shanu da suka addabi kowa. Yara suka sunkuyar da kai. Yarinyar nan ce kaɗai, don ta faranta wa malamarta, ta miƙe ta faɗa.

Washegari inuwar tsamiya wayam.

Ɗalibata ta zo min da hawaye shaɓe-shaɓe. Raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa, sai kuma tausayi ya kama ni. Na ce, "Share hawayenki, 'yar nan, ɗauko mayafinki." Muka hau babur har rugar, muka durƙusa gaban arɗo, shugabansu.

Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce min, "Malama, na san ba da mugun nufi ta yi ba. Yara za su dawo."

Ɗalibata ta ce, "Baffa, har da yarinyar nan?"

Ya miƙe, muka bi shi. Can sai ya nuna mana wani fili, babu komai sai turaku da toka. Uban yarinyar ya kwashe bukkarsa da shanunsa, ya yi arewa wajen iyakar Nijar.

Sauran yaran sun dawo. Da tsakuwa take koya musu lissafi yanzu, kuma ta zama malama ta gasken gaske. Amma har yau, in garke ya ratso ta bakin makarantar, sai ta ajiye alli ta fita, tana leƙen fuskokin 'yan matan da ke bayan shanu.