Itacen da Ya Ƙi Cin Wuta a Murhun Iya

Wata Asabar a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya tashe mu tun rana ba ta fito ba, ya ce yau babu gona, rafi za mu. Wake na can ya bushe yana jiran roro, amma ya riga ya aro amalanken shanu wurin wani maƙwabcinmu Bafulatani. Umma ta ce tunda rafi za a je, ba za ta tafi hannu rabbana ba, ta ɗaure wankin gidan kaf ta ɗora. Ni da Yaya Sagir muka ɗare baya. Kakarmu Iya, mahaifiyar Baba, ita aka bari da gida da girkin yamma.

Baba malamin firamare ne a ƙauyenmu da ke kan hanyar Roni. A wani kwas da ya je Kano aka nuna musu itacen da ya daɗe binne a ƙasa har ya koma dutse, aka ce ana samun irinsa a gaɓar rafuffukan yankinmu. Ya dawo ya faɗa wa 'yan aji shida, yara suka kai gida, iyaye suka kai majalisa. Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa Malam Dutse, wani ma ya ce in haka ake koyarwa, gara ɗansa ya koma kiwo. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma ranar ya ce gaban jama'a: "Litinin zan kawo muku shi, ku taɓa da hannunku."

Ruwan rafin iya idon sawu ne, mai sanyi, kana hango yashin ƙasa. Baba ya raba mu. Shi ya ɗauki gaɓar da ambaliya ta zaftare yana tono da fartanya, Yaya Sagir ya bi tsakiyar ruwa, ni aka ba ni ƙwarya na bi gefe. Abin da ya ce mu nema shi ne duk abin da ido ya ce itace, hannu ya ce dutse. Gaskiya ni duwatsun carafke na fi tsinta, Yaya kuwa rabin hankalinsa na kan 'yan tarwaɗa. Duk abin da muka kai, Baba ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da bakin fartanya, ya jefar. Umma na can tana bugun wanki tana shanya a kan ciyawa, lokaci lokaci ta ɗago ta tambaya ko itacen ya nuna.

Sai bayan azahar aka samu, kuma Umma ce ta samu. Tana neman abin da za ta danne zane kada iska ta ɗauke, ta ciro wani guntun reshe daga yashi, nauyinsa ya ba ta mamaki. Tsawonsa kamu ɗaya, kaurinsa kamar taɓarya, ga ɓawo, ga gurbin da wani reshe ya taɓa fita. Baba ya wanke shi, ya buga masa ƙarfe, ya yi ƙara. Bai yi ihu ba, zama ya yi cikin ruwan da wandonsa, ya daɗe yana kallo.

A hanyar dawowa Umma ta sa muka yi ta tsintar kirare har amalanken ya cika. Mun iso ana kiran la'asar, Baba ya miƙo mini dutsen ya ce in adana, ya wuce masallaci. Ni kuwa ƙawayena na jirana da carafke, sai na jingine shi a bangon madafi, kusa da inda Yaya ya zube kiraren. Iya ta fito ɗora tuwo, ta gan shi, ta ɗaga ta ji nauyi, ta yanke cewa ƙirya ce, itacen nan mai tauri da maƙera ke so. Ta cusa shi ƙarƙashin tukunya. Tuwo ya nuna, ƙirya ba ta kama ba. Iya kuma ba ta ɓarnar makamashi, in ta sauke girki sai ta zaro bakin wuta ta kwara masa ruwa don gobe. Ruwan na sauka, dutsen ya tarwatse.

Baba ya shigo ya tarar da ita tana mita. "Wace irin ƙirya kuka kwaso mini? Ta ƙi ci, ta kuma fashe." Ya durƙusa ya dubi baƙaƙen gutsattsarin, ɓawon duk ya zube. Na tsaya ina jiran duka, raina ya ɓaci fiye da yadda zan iya faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne: "Ɗanye ne, Iya. Sannu da aiki." Ya tattara su cikin hankici.

Ranar Litinin ya kai su majalisa kamar yadda ya yi alkawari. Aka zagaya da su hannu zuwa hannu, aka ce wannan ai fasasshen dutsen murhu ne, aka yi dariya. Umma ta ce masa ai sai ya faɗa musu yadda aka yi: tsohuwar da ta shekara sittin tana faskare ta ɗauke shi itace, wace hujja ta wuce wannan? Baba ya ce ba zai fitar da uwarsa majalisa a yi mata dariya ba. Mun sake komawa rafin sau biyu ba mu samu ba, sunan kuma ya bi shi har ritaya, har kan sanarwar rasuwarsa.

Yanzu motocin tifa sun kwashe yashin wurin, gaɓar da ya tona ta zama rami, kuma kowane yaro mai waya zai iya nuna maka hoton irin dutsen nan kafin ka rufe baki. Nakan so a ce Baba ya kai wannan zamani. Iya ta ƙara shekara goma sha ɗaya a gidan, kullum Baba yana durƙusawa ya gaishe ta da safe, ta rasu ba ta san abin da ta ƙona ba.