Kunnen Baba Na'ibi da Jan Faifai

Baba Na'ibi ya zo Jidda daga Mai Wurno ta Sudan yana ɗan shekara ashirin. Ya yi dako a bakin ruwa har bayansa ya ce ya gaji, sannan ya samu aiki a kantin kayan wuta na Abdulghani a unguwar Bagdadiyya. Ƙofar gidansa na kallon tamu a unguwar Karantina. Bayan la'asar yakan fito da tabarma da shayi, kuma a nan na ji labarin nan, ba sau ɗaya ba.

Aikinsa gwaji. Duk garmahon da aka ciro daga kwali sai ya bi ta hannunsa kafin ya hau kantar sayarwa. Da wani ƙaramin faifai yake gwadawa, ja kamar ruwan zoɓo, wanda ya zo cikin kayan farko daga Japan. A bangonsa akwai hoton wata mace riƙe da laima, da rubutun da ba mai iya karantawa a duk layin. Sai ya raɗa mata 'Yar Laima. Shekara tara yana jin waƙarta, wata rana sau talatin, kalma ɗaya bai sani ba. Amma ya san inda take jan numfashi. In inji ya yi nauyin juyi, sai ya ce, "Yau ba ta karya kumallo ba," a mayar da shi ciki.

Shekarar da Yahya ɗan maigida ya karɓi kantin, ya sayo garmaho ɗari biyu da araha daga hannun wani ɗan jirgin ruwa, saura sati uku alhazai su sauko sayen tsaraba. Baba Na'ibi ya ɗora faifansa a na farko, ya ɗora a na biyu, ya cire hula.

"Ya Yahya, yarinyar nan gudu take yi."

"Gudu zuwa ina, ya ammi?" in ji Yahya, wato baffa da Larabci. "Ai haka Japanawa ke waƙa. Ka taɓa zuwa can?"

"Ban je ba. Amma ita na san ta."

Ma'aikata suka bushe da dariya. Yahya ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ranar Asabar kaya su hau kanta. In kunnenka ya tsufa, yalla, kama hanya, nemi wani kafilin da zai tsaya maka."

Iƙamarsa kuwa, wato takardar izinin zama a ƙasar, da ta matarsa Rahamatu, duk a hannun gidan Abdulghani suke. Ya ce mini ranar da ya koma gida ya kwashe labari ya faɗa mata. Rahamatu ta dube shi ta ce, "Malam, su ba su san waƙar taka ba. Sa musu tasu mana."

Ranar Alhamis tsoho Abdulghani ya leƙo shan shayi kamar yadda ya saba. Baba Na'ibi bai kai ƙarar kowa ba. Ya dai ɗauko faifan mawaƙin nan na Masar mai kakkaurar murya da tsohon yake so, ya ɗora a sabon garmaho. Sai ga murya ta fito siririya, kamar ta yaron da kare ya biyo.

Tsohon ya ƙware da shayi. "A'uzu billahi! Wa ya shaƙe shi?"

Aka kira makaniki. Ashe kayan don kasuwar Japan aka yi su, ta ɓangaren da wutarsu ba ta kai ta Jidda saurin bugawa ba. Wata 'yar ƙaramar ƙafa da ke juya faifan aka canza wa kowanne, kwana goma sha biyu ana yi. Duk wanda aka gama sai a miƙa wa Baba Na'ibi, 'Yar Laima ta yi waƙarta sau ɗari biyu cif.

A na ƙarshe Yahya ne da kansa ya ɗauko ya ajiye gabansa. Ya tsaya yana sosa ƙeya har 'Yar Laima ta kai inda take jan numfashi.

"To, ya ammi? Ta karya kumallo?"

"Ta karya," in ji Baba Na'ibi. "Sa shi a kanta, a sayar."