Ruwan da Na Zuba wa Fuli

Kwanakin baya wani injiniya da ke sayen kaya a shagona ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wata na'ura ce da ke gina ƙarfe da hasken leza: ta shimfiɗa garin ƙarfe, hasken ya narkar da ɗan wuri kamar ƙwayar gero, ta sake shimfiɗa wani a kai. Ya ce akwai kyamarar da aikinta kawai ta lura da zafin wannan ɗan narkakken wuri. In zafin ya yi yawa ƙarfen ya yi ramuka a ciki, in ya gaza bai kama ba, in ya huce da gaggawa ya tsage. Na ce masa wannan na san shi, da haƙorana biyu na saye shi.

Kayan injin niƙa nake sayarwa a Tambuwal. Da tsofaffi na fara, ina saye ina kai wa wani dattijo mai walda da rumfarsa ke kallon shagona, ya gyara in sayar. Baba muke ce masa. In fuli ya cinye, wato ƙarfen nan mai nauyi da bel ke juyawa, Baba kan fara gasa shi a gawayi, sannan ya cike shi layi bisa layi, idonsa a kan narkakken wurin ta cikin baƙin gilashi. In ya gama sai ya binne shi a toka mai zafi ya kwana. Ba ya yarda a taɓa.

Wata rana mai injin niƙa daga Kebbe ya aiko ɗan kabukabu ya karɓi fulinsa da Baba ke gyarawa, don gobe kasuwa. Baba ya gama da azahar, ya binne, ya tafi masallaci. Mai babur yana ta mita, hadari ya haɗo, hanya kuma ba kyau. Na tona tokar, na jawo fulin da awartaki, na juye masa buta biyu. Ya yi tsuwa, tururi ya tashi, na ji wani ƙas a ciki. Na duba ban ga tsaga ba. Muka ɗaure shi a buhu. Da Baba ya dawo na ce da tokarsa aka tafi da shi.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, babura uku suka tsaya a rumfarsa. Mutum shida, da sanduna. Fulin ya tarwatse ana tsakar niƙa, ɓallinsa ya huda langa-langa, wani ya sami ƙanin mai injin a fuska ya tafi da idonsa.

Ba su yi sallama ba. Suka shure janareta, suka jawo Baba a ƙasa, hularsa ta faɗa kwata. Mai injin ya jefa masa ɓallin ƙarfen a ƙirji.

"Tsoho, ga aikinka! Wanga hannu shi yay yi, ko?"

Biyu suka danne hannunsa na dama a kan maƙera. Mai injin ya ɗauki gudumar Baba. Ina tsaye a ƙofar shagona, na ga Baba ya ɗauki ɓallin da hagu ya dubi bakin karayar. Fari ne fat, yana ƙyalli, kuma ruwa ne ke sa ƙarfen nan haka. Ya ɗago ya dube ni. Gudumar ta sauka a kan ƙaramin yatsansa. Har daga inda nake na ji ƙarar ƙashin.

Ba jarunta ba ce. Na tsaya har sai da aka ɗaga gudumar karo na biyu.

"Ku sake shi," na ce. "Ni naz zuba mai ruwa."

"Alhaji, koma shagonka, ba da kai muka ba," in ji mai injin.

"Da ni kuka. Shi cikin toka yab bar shi. Ku tambayi mai babur, buta biyu."

Sandar farko a baki ta same ni. Na faɗi a kan tarin ƙarafa, aka bi ni da ƙafa a haƙarƙari da kunne. Na haɗiye haƙori ɗaya, ɗayan na tofar. Ina jin Baba da karyayyen yatsa yana cewa, "Ya isa hakanan, ɗiyana, za ku kashe shi." Sai da mahauta suka rugo daga rumfunansu aka janye su.

Da na iya miƙewa na je Kebbe na duba wanda ya rasa ido. Ya amsa sallamata, ya juya fuskarsa bango. Ban ga laifinsa ba.

Yatsan Baba ya warke a lanƙwashe, sauran huɗun suna riƙe masa walda har yau. Muna gaisawa, ya zo sunan 'yata. Amma da na sake kai masa fuli, ko karɓa bai yi ba.

"Kai wa masu waldar Dogon Daji, Alhaji," ya ce. "Tokata ta yi maka kusa."